Yadda ake horar da ma'aikatan ɗakin haihuwa ta intanet kan aiki tare da isar da saƙo

Sau da yawa abin da ke jefa mai naƙuda cikin haɗari a asibiti shi ne saƙon da bai isa kunnen wanda ya kamata ba, ko kuma ya isa a makare. A shekarar 2004 hukumar tantance asibitoci ta Amurka ta binciki mace-mace da raunukan jarirai a lokacin haihuwa da aka kai mata rahotonsu, ta gano cewa matsalar sadarwa tana cikin kashi 72 cikin ɗari na waɗannan al'amura. Bayan shekara biyu aka fitar da tsarin horo mai suna TeamSTEPPS, wanda yanzu ake koyarwa ta intanet. Ga yadda asibiti zai tsara irin wannan horo.

Mataki na farko shi ne a tantance mahalarta. A haɗa likitan mata da ungozomomi da malaman jinya da masu ba da allurar barci a ɗakin tiyata, a kuma sa ma'aikacin ɗakin gwaji mai kula da jini. Idan ungozomomi kaɗai aka tura, an ɓata kuɗin data ne, domin likitan da za su kira da tsakar dare bai ji abin da suka ji ba.

Sai a raba darussan gajeru, waɗanda mutum zai iya saukewa a wayarsa ya kalla ko da sabis ya yi rauni, sannan a sa ranar zaman kai tsaye ta Zoom ko makamancinsa sau biyu, saboda masu aikin dare.

Mataki na uku shi ne zuciyar horon, wato koyon yadda ake kiran likita. Ana amfani da tsarin SBAR, wanda ya samo asali daga sojojin ruwan Amurka, kuma gaɓoɓinsa huɗu ne: abin da ke faruwa yanzu, tarihin mai jinya, abin da mai kiran yake zato, da abin da yake so a yi. Maimakon ungozoma ta ce, "Likita, ku zo ku duba gado na uku," sai ta ce, "Likita, matar gado na uku tana zubar da jini, ya kai mililita 500. Haihuwarta ta shida ce, ta sauka minti ashirin da suka wuce. Mahaifar ba ta tsuke ba. Na fara murza ta, ina roƙon ku zo yanzu." A zaman intanet, mai horarwa ya raba mutane biyu-biyu, kowa ya yi kiran da bakinsa har sai ya fito ba tare da inda-inda ba, domin karanta tsarin a allo bai isa ya zaunar da shi a harshe ba.

Tare da wannan ake koyon maimaita umarni. Wanda ya ba da umarni ya ambaci sunan mutum ɗaya, wanda aka ambata ya maimaita sunan maganin da yawansa, idan ya gama yi kuma ya faɗa da ƙarfi. "A ba ta allura" da aka jefa cikin ɗaki mai mutum biyar yakan ƙare babu wanda ya ba ta, ko kuma a ba ta sau biyu.

Abin da ya fi wuya a ganina shi ne koya wa ƙaramin ma'aikaci yin magana idan ya ga babba zai yi kuskure. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba abu ce mai kyau, amma ran mace ba ya jiran a gama kara. Shi ya sa ake amincewa da kalmomi uku da kowa ya sani: "na damu", "hankalina bai kwanta ba", "akwai haɗari". Duk wanda ya ji su zai dakata ya saurara. Wannan darasi ba ya kama ƙasa sai babban likita ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa yana so a tsayar da shi.

Daga nan a kashe kwamfuta a shiga ɗakin haihuwa don atisaye, da 'yar tsana ko ma'aikaciyar da za ta kwanta a matsayin mai jego. A fara da zubar jini da jijjiga. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka gudanar a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jini da leda mai ma'auni, tare da murza mahaifa da ba da magunguna da ƙarin ruwa a lokaci guda, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin ɗari. Hannu biyu ba za su iya waɗannan ayyuka a lokaci guda ba, don haka a atisayen ake raba wa kowa nasa.

Bayan kowane atisaye, da kowace haihuwa mai wahala, a tsaya minti biyar a tambayi abin da ya tafi daidai da inda aka samu jinkiri, ba tare da neman mai laifi ba. A rubuta abin da aka gano, a sa shi cikin zaman intanet na gaba, kuma duk sabon ma'aikacin da aka turo ya kammala darussan kafin a bar shi a aikin dare.