Kurakuran masu koyon gudun dogon zango, da abin da ya faru da John Treacy

Duk sabon yaron da ya biyo mu gudun asuba sai ya maimaita kuskuren da na riga na sha wuyarsa. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban cikinsu raina zafi. John Treacy, ɗan ƙasar Ayalan, ya ci gasar duniya ta tseren ratsa daji sau biyu a jere, 1978 a Glasgow, 1979 a Limerick. Amma a gasar Olamfik ta Mosko a 1980, a zagayen share fage na mita 10,000, zafi ya kwantar da shi, saura kamar mita 200 ya kai layi. Zakaran duniya fa ke nan! To kai wa kake, da za ka fito ƙarfe goma na safe a watan Afrilu, ba ka kurɓi ko ruwa ba, kana cewa ai mun saba da rana? Ni ma haka na ce. A kilomita na takwas na ji sanyi yana ratsa ni alhali rana na dukan ƙeyata, na daina gane muryar mutane. Farkawa na yi ana yi mini ƙarin ruwa, kambas ɗina ƙafa ɗaya ya ɓata, har yau ban gan shi ba. Tun daga nan nake fara shan ruwa tun daren jajibere, in fita bayan sallar asuba, in ƙarfe takwas ta yi ina gida. In ka ji jiri ko tsigar jiki na tashi cikin zafi, tsaya. Babu wanda zai biya maka kuɗin asibiti.

Na biyu, tashi da wuta. Ana busa usur sai ka ga yaro ya fyalla kamar an biyo shi da bulala, kilomita uku ya dafe ƙugu. A gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984, gudun fanfalakinsa (tseren kilomita 42) na farko a rayuwa, Treacy bai yi gaggawa ba. A hankali ya riƙa wuce waɗanda suka gaji, a cikin filin wasa ya tsere wa Charlie Spedding na Birtaniya da daƙiƙa biyu, ya karɓi lambar azurfa bayan Carlos Lopes na Fotugal, cikin awa 2 da minti 9 da daƙiƙa 56. Ni dabarata, in ba zan iya yi wa na kusa da ni magana ba a farkon gudu, na san na yi sauri.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sa sabon takalmi ranar tsere. Kada ka gwada abincin da cikinka bai saba da shi ba. Ciwon ciki ne ya fitar da Sonia O'Sullivan, 'yar ƙasar Ayalan, daga tseren ƙarshe na mita 5,000 a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, tana zakarar duniya. Kuma don Allah, ƙanena, ka yanke farcen ƙafa.