Inda ƙungiyoyinmu ke tuntuɓe da kuɗin tallafin kare yara

Jihar Katsina ta samu dokar kare yara a 2020, lokacin Gwamna Aminu Bello Masari, amma doka ba ta ɗaukar yaro ta kai shi asibiti. Aikin mutane ne da kuɗi, shi ya sa ƙungiyoyin unguwa ke neman tallafin gwamnati. Wasu tun a bakin ƙofa ake sallamarsu: ba rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), ba takardar SCUML (sashen hana halasta kuɗin haram), asusun banki kuma da sunan shugaba. Gyaran wannan ba wuya. Ku yi rajista, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zai fita.

Babbar ɓarnar tana cikin kasafi. Na taɓa duba na wata ƙungiya a Daura, kusan duk kuɗin sun tafi hayar ɗakin taro, riguna masu tambari da abincin mahalarta. Ko layi ɗaya babu na kuɗin mota. Ranar da aka kawo musu wata 'yar talla da magariba, sai karo-karo suka yi kafin a samu na Keke Napep. Idan fyaɗe ne, maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, don haka babu zancen "bari gari ya waye mu ga Shugaba". Ku ware kuɗin gaggawa a hannun mutum ɗaya amintacce: mota, kati, gwaji, magani. Ku saka zirga-zirgar kotu ma, domin shari'a kan ja watanni, kuma rashin kuɗin mota kan sa uwa ta daina zuwa. A shaida wa iyaye kada su wanke kayan da yarinyar da aka yi wa fyaɗe ke sanye da su, domin hujja ce a kotu.

Sai maganar hoto. Don a nuna an yi aiki, a ɗauki yaro da tabon bulala a baya a watsa a Facebook. Gobe duk unguwa ta gane shi. Rahoto ba ya bukatar fuska. Ku ba kowane yaro lamba, fayil ɗinsa ya zauna a kabad mai makulli.

Akwai kuma sulhun zaure. Dattawa su ce "a rufa wa juna asiri, ɗan uwa ne", ƙungiya ta rubuta an warware. Mai unguwa da liman suna da amfani wajen kwantar da hankalin dangi, amma laifi irin wannan na 'yan sanda ne da ma'aikatar harkokin mata.

Rasit kuwa, ɗan acaba ba ya bayarwa. Ku buga ƙaramar takardar biya, ya sa hannu ko ya dangwala a ranar, kafin ya tayar da babur.