Yadda na magance kurmancewar rifitata

Tsohuwar tashar oba-oba ce, GE MASTR II, na mayar da ita rifitar masu sha'awar rediyo a zangon mita 2, wato na'urar da ke karɓar sigina tana sake aikawa nan take don murya ta kai nesa. Na sauya kiristal (ɗan abin da ke tsayar da rediyo a kan tashar da ake so), na saita tazarar 600 kHz tsakanin karɓa da aikawa.

Amma da zarar ɓangaren aikawa ya tashi, sai na karɓa ya kurmance, muryoyin nesa su ɓace. Kwana uku ina zargin dufleksa (na'urar da ke raba karɓa da aikawa a kan eriya ɗaya), ina ta saita ta. Ashe gajerun wayoyin RG-58 da na haɗa ne, rigar ƙarfen da ke kare su ɗaya ce tak, sigina na yoyo ta jikinta zuwa ɓangaren karɓa. Na sa RG-214 mai riga biyu, na nisanta wayar aikawa da ta karɓa. Yanzu har ƙaramar rediyon hannu daga bayan gari tana shigowa tas.