Kafin ka ce ɗan karenka Jack Russell ya isa gasa ko barbara

Duk shekara in an gama gasar karnuka ta Crufts a Birmingham, sai sababbin shiga su fara turo mini hotunan kwikwiyo: "Malam, wannan fa?" Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskure shi ne sayen fuska. Kwikwiyo ɗan mako 8 kowanne kyakkyawa ne, kuma kyan ɗan maciji gare shi. Ni ma haka na faɗa. Na sayi wata karya a hannun wani mai kiwo a ƙauye, farar fat da ɗigon ja a ido ɗaya, ban tambayi takardar gwajin iyayenta ba. Ta haihu sau biyu, na sayar da 'ya'yan. Tana shekara huɗu na ga tana ƙifta ido, hawaye na zuba, washegari idon ya yi shuɗi-shuɗi. Likitan dabbobi ya ce PLL ce, wato ɗan madubin cikin ido ya tsinke daga mazauninsa. Cutar gado ce, kuma da ɗan auduga da za a goga a kumatu a aika gwajin DNA, da na sani tun farko. Aka cire idon. Kuɗin aikin bai dame ni kamar kiran mutanen da suka sayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ba. To kai da kake cewa "ai lafiyarta lau, tana gudu kamar iska", cutar ba ta fitowa sai kare ya girma, bayan ka riga ka yaɗa ta. Ba takarda, cinikin biri a sama ne, kada ka yi.

Na biyu, baki. Mutane na tsoron buɗe bakin karensu, sai alƙalin gasa ya buɗe musu a bainar jama'a. Haƙoran sama na gaba su ɗan rufe na ƙasa kamar almakashi. Ni ba na yanke hukunci sai haƙoran nono sun zube, wajen wata shida zuwa bakwai, domin muƙamuƙin ƙasa kan ci gaba da tsawo. Wasu na ganin na cika jinkiri. Su suka sani.

Ƙirji kuma da hannu ake auna shi. Wani limamin coci na Devon a Ingila, John Russell, don shiga ramin yanyawa ya yi kiwon irin, saboda haka ka zagaye ƙirjin da tafukanka biyu daga bayan gwiwar ƙafafun gaba. In yatsunka ba su haɗu ba, ya yi kauri. Tsayi daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 25 zuwa 30 ne. In ya wuce sosai, kana maganar Parson Russell, wani irin da Kennel Club, ƙungiyar da ke rajistar karnuka a Birtaniya, ke lissafawa daban.

Namiji ka taɓa ka tabbata 'ya'yan marainansa biyu sun sauko. In kare na ɗage ƙafar baya yana tsalle ɗaya-ɗaya, ba wasa yake ba, a duba ƙoƙon gwiwa. Mai kaushin gashi da yatsa ake tsige shi, injin aski na lalata shi. Wutsiya ka bar ta, tun 2007 doka ta hana yanke ta a Ingila sai ga karnukan aiki. Karya kuwa, Kennel Club ba ta yi wa 'ya'yanta rajista in an ba ta namiji kafin ta cika shekara ɗaya. Ni sai ta yi biyu nake fara tunani.