Ɗaliban Zanen Gini: Ku Fara da Rana da Iska Kafin Ado

Kuskuren da ya fi yawa a zanen ɗalibai shi ne a fara ƙawata fuskar gini tun ba a san inda rana take faɗuwa a filin ba. Fara da kibiyar da ke nuna arewa a kan taswirar fili.

In ajin makaranta ne, a miƙe tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa, a bango biyu masu fuskantar juna domin iska ta ratsa. Tagar yamma tana mai da aji tanda bayan azahar. A Kaduna rana tana karkata arewa daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, sauran watanni tana kudu, saboda haka rufi ya zarce bango da kamar santimita 90 ta ɓangarorin biyu, ba ɗaya ba. Aji mai mita 7 da 9 ya ishi yara 40.

Gidan zama kuwa, kada a jefar da hikimar zaure. Baƙo ya zauna ba tare da idonsa ya kai tsakar gida ba. In ƙofar falo da ta ciki suna kan layi ɗaya, sutura ta tafi. Ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, a rage buɗaɗɗun wurare ta can.

Zauren taro ko gidan tarihi: zankwaye a saman kankare ba su ne al'ada ba, tsarin shiga da zama ne. Gangaren keken guragu ya tashi mita 1 a kowane tsawon mita 12, kuma a zana shi tun farko, in an bari sai ƙarshe ba ya samun wuri.