Yadda zaka lallaɓa na'urar auna suga ta jikin dantse

Masu ciwon suga da suka fara manna sensa irin FreeStyle Libre ko Dexcom, abu na farko da ya kamata ku gane shine ba jini take aunawa ba, ruwan da ke ƙarƙashin fata ne, shi yasa take ɗan makara da kamar minti 5 zuwa 15 musamman bayan cin abinci. To dan Allah kar ka yar da mitarka ta huda yatsa, duk sanda jikinka ke gaya maka wani abu daban wayar da sensa ke turawa sakamako kuma na nuna wani abu daban, huda yatsa ka tabbatar.

Wajen mannawa nan ne mutane ke asarar kuɗi. Libre a bayan dantse ake sa ta, kwana 14 take yi, sai ta yi awa 1 kafin ta fara karatu, Dexcom G7 kuma kwana 10. Ka yi wanka da sabulu, kar ka shafa mai ko basilin a wajen, ka goge da sifirit ka bari ya bushe ƙarau tukunna, saboda in ka manna kan danshi ga zafin Maris da Afrilu ga zufa, kwana kaɗan zaka ga gefe ya fara ɗagowa. Ka zagaye gefen da filasta, sannan ka kula da bakin ƙofa da lokacin cire riga da yara masu ɗafe hannu. Ruwan wanka baya mata komai. Sensar da baka buɗe ba kuma kar a barta cikin mota a rana. In zaka sa sabuwa ka canza hannu fatar ta huta.

Ni a ganina kibiyar da ke gefen lambar suga a waya, mai nuna ko suga hawa yake ko sauka, ta fi lambar kanta amfani, 110 da kibiya a kwance lafiya lau ne, amma 110 da kibiya ta yi ƙasa tsaye kana shirin hawa mashin ko tuƙi, wannan ka tsaya ka nemi abin sawa a baki. Yawanci ana so suga ya zauna tsakanin 70 da 180 mg/dL, in ya sauka ƙasa da 70 ka sha abu mai zaƙi kamar rabin kofin lemo, ka jira minti 15 ka sake dubawa. Kuma banda ƙara insulin da kanka dan kawai ka ga ya hau bayan tuwo, wannan lissafin kai da likitanka ne.

Da daddare in ka danne ta da kwanciya tana iya yin ƙarar cewa suga ya faɗi alhali ƙarya ne, ka juya ka gwada yatsa.

Magunguna ma suna rikita ta: bitamin C sama da 500mg a rana na sa Libre 2 ta nuna sama da gaskiya, hydroxyurea da masu sikila ke sha shima haka yake yiwa Dexcom. In za'a yi maka hoton MRI ka gaya musu kana da sensa a jiki tun kafin ka shiga.

Mai azumi da sensa, ƙasa da 70 ko sama da 300 likitoci sun ce a karya, ko da saura kaɗan a kira magariba.