Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sayen Manhajar Rumbun Bayanai Don Sabar Intanet

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen lasisi ba tare da fahimtar yadda ake lissafa shi ba. Oracle da Microsoft duka suna da lasisin da ake biya bisa yawan masu amfani, wanda ya dace da ofis mai ma'aikata sanannu, amma shafin da kowa a duniya zai iya buɗewa ba a iya ƙirga maziyartansa. Saboda haka dole a koma ga lasisin da ake lissafawa da yawan ƙwayoyin sarrafawa na furosesa, kuma a SQL Server, manhajar Microsoft, ba a sayar da ƙasa da ƙwayoyi 4 ga kowane furosesa. Wanda ya fara sayen babbar na'ura kafin ya tambayi farashin lasisi ya ninka wa kansa kuɗi tun bai kunna ta ba. Gyaran shi ne a zaɓi na'ura da lasisi a zama guda, kuma a nemi dillali ya rubuta lissafinsa a takarda.

Akwai kuma kuɗin tallafin fasaha da kamfanin ke bayarwa, wanda a Oracle yakan kai kashi 22 cikin ɗari na farashin lasisi kowace shekara. A ganina, duk kasafin da bai hango shekara 5 ba bai cika ba.

Wasu kan fara da sigar kyauta su manta da iyakarta. SQL Server 2022 Express ba ya ɗaukar fiye da gigabait 10 a rumbu ɗaya, sigar Developer kuwa ta gwaji ce kawai, ba a yarda a ɗora mata shafin da jama'a ke amfani da shi ba.

Wani kuskuren shi ne cusa dukan dokokin aikin shafin cikin harshen kwamfuta na kamfani ɗaya, PL/SQL na Oracle ko T-SQL na Microsoft, domin ranar da aka so ƙaura zuwa wata manhaja sai an sake rubuta su. Ya fi kyau a tsaya kan SQL na gama-gari, wato harshen da rumbunan bayanai suka yi tarayya a kansa, duk inda ya wadatar.

Kafin a sa hannu, a gwada manhajar da bayanai irin na gaske, a ajiye kwafi sannan a maido da shi, a auna lokacin da hakan ya ɗauka. A yi wa PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, wannan gwajin ma, domin ba a biyan kuɗin lasisinsa, kuma idan ya ɗauki nauyin shafin, sai mai sayarwa ya nuna abin da kuɗin zai ƙara.